Koriyar Fitilar Yaya

Yayanmu injiniyan lantarki ne, kuma a gidanmu ba a taɓa yin mai taurin kai irinsa ba. Ɗakin aikinsa kullum warin dalma yake, teburin cike da guntayen wayoyi, kofin shayinsa ya huce a gefe ya manta da shi. In ka shiga ka yi sallama, sai ya gama liƙa abin da ke hannunsa zai amsa.

Babban aikin rayuwarsa shi ne na masu nazarin taurari. Suna da ƙaton madubin hange a kan wani dutse mai tsayi, a bayansa kuma akwai akwati da ke tsattsage hasken tauraro zuwa launuka kamar bakan gizo, su karanta abin da tauraron ya ƙunsa. Yaya ne ya zana allunan lantarkin da ke juya ƙananan injinan cikin akwatin. Shekaru ya kwashe a kai. Ba shi da wani buri sai ranar da zai hau dutsen ya ga aikinsa yana motsi.

To, yana da wata ɗabi'a: duk allon da ya haɗa sai ya maƙala masa 'yar koriyar fitila kamar kan ashana. "In ta kama, kin san yana da rai," in ji shi. A masana'anta an yaba masa wannan. Amma shi wancan akwatin duhu yake so, duhun da ko ɗigon haske ba ya shiga sai na tauraro. Allo guda kuwa a cikin akwatin yake zama, kuma duk cikin masu duba zanen ba wanda ya lura da fitilar da ke jikinsa.

Da aka fara gwaji, sai kowane tauraro ya riƙa fitowa da wani haske kore da ba a san daga ina yake ba. Wata da watanni malaman nan suna wahala, suna zargin madubi, suna zargin sama. Daga ƙarshe aka buɗe akwatin, sai ga fitilar Yaya tana ci abinta. Suka liƙe ta da baƙin salatif, suka yi dariya, magana ta wuce. A wurinsu ke nan.

Shi kam bai yi dariya ba. Da suka gayyace shi bikin buɗewa, ya ce yana da mura.

"Yaya, wace irin mura ce ba atishawa?" na ce masa.

"Ke dai ki bari. In je su nuna ni, su ce ga mai fitila?"

"To ai kai ne mai fitilar! Sauran aikin fa, wa ya yi?"

Ya juya mini ƙeya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba wanda ke riƙe da maganar sai shi. Shugabar aikin ta yi ta kiransa, tana cewa allunansa ba su taɓa ba su matsala ba. Kullum amsarsa sai baɗi.

Sai da furfura ta gama cinye kansa sannan ya sauko. Wata safiya ya kira ni, muryarsa kamar ta yaro, ya ce zai je, har ya sayi rigar sanyi. Amma ba a hawa dutsen sai likita ya duba mutum, saboda iskar can ba ta da kauri. Ni na raka shi asibiti. Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjinsa, sannan ya ce zuciyar nan ba za ta ɗauka ba, ko yanzu ko nan gaba.

Muka dawo mota. Yaya ya zauna, makulli a hannu, bai tayar ba.

Can ya ce, "Auta, da na je tun lokacin, dariya kawai za su yi mini, ko?"

Na ce, "Ita kaɗai, Yaya."