Fitilun Kawu Zahari

Motar gwamnati mai share dusar ƙanƙara iyakarta gada. Daga gada zuwa ƙauyenmu, hawan dutsen nan mai lanƙwasa, aikin Kawu Zahari ne da 'yar taraktarsa, wadda ya ɗaura wa injin da ke haɗiye dusar ya tofar da ita gefe. Ba wanda ya naɗa shi. Tun da ya bar tuƙin motar katako ya ɗora wa kansa. Yana fita tun kafin asuba, saboda mai motar burodi ba ya jira: in ya tarar da hanya a toshe, juyawa yake yi, tsofaffin ƙauye su wuni da dankali.

'Yarsa Desislava tana birnin Plovdiv. Ta daɗe da yanke hukunci. "Baba, ranar da ka kasa buɗe hanyar nan, kai da Mama ku haɗa kayanku." Ta ma gyara musu ɗaki a saman bene. Sau ɗaya Zahari ya kwana a ciki, ya dawo yana cewa tagar ɗakin ba ta kallon komai sai wata tagar.

Da fitila biyu taraktar ta zo, kamar kowace. Wani lokacin sanyi ya kai ta wurin Rumen makanike a ƙara mata biyu a kan rufi. Shekara ta zagayo ya ce a sa wasu a gefe.

"Kawu, tarakta ce wannan ko filin ƙwallo?" in ji Rumen.

"Kai dai ɗaura, ɗan nan. Duhun yanzu ya fi na da kauri. Ku yara ba ku san komai ba."

Rumen ya haura hamsin, da furfurarsa, amma ya ɗaura.

Daga nan zakarun ƙauye suka rikice, suna cara da zarar ya tayar da inji. Gwaggo Penka, maƙwabciyarsa, ta sha tashi ta ɗora shayi a zaton gari ya waye. Limamin coci ya ce a ara masa taraktar ranar Kirsimeti, ya huta da sayen kyandir. Muka yi ta dariya, shi ma yana taya mu.

Amma duk hasken nan bai hana shi kwashe shingen Penka ba. Wata safiya na buɗe ƙofata na tarar ya tara mini dusar hanya gaba ɗaya a bakinta, ya bar hanyar yadda take. A shagon shan giyar rakiya yakan tsiyaya rabi a kofi, rabi a tebur, sai wani ya sa hannun riga ya goge. Kowa ya ga farar yanar da ke rufe masa ido. Likitan ido kuwa yana Plovdiv, ba kuma yadda za a je wurinsa Desislava ba ta ji ba.

Na taɓa tsayar da matarsa, Inna Nevena, a bakin rijiya.

"Inna, ko dai a gaya masa?"

"A gaya masa me? Kana zaton bai sani ba? Ni nake zura masa maɓallin riga."

Bana, da sanyi ya kama, sai ga shi da wata doguwar fitila kamar taɓarya. Rumen ya juya ta, ya dube ni.

"Kawu, batir ɗin nan nishi yake yi. Kuma in haske ya yi yawa, dusar da injin ke watsawa dawo maka da shi take yi a fuska."

"Ubanka ma haka yake, surutu kafin aiki. Ɗaura."

Na riƙe wayar lantarki, Rumen ya ɗaure ƙusoshi da yatsu a sandare. Magariba ta wuce, dusar ƙanƙara ta fara zuba. Zahari ya hau kujerarsa ya gyara hula, Rumen ya danna makunni. Tsakar gidan Zahari ta koma rana tsaka. Na kare idona da hannu, kare ya shige ƙarƙashin itace.

Zahari ya daɗe yana kallon gabansa.

"Haske kam akwai," ya ce a hankali. "To, ina ƙofar?"

Ƙofar gidan tana nan dab da hancin taraktar, a wangale. Rumen ya shiga neman wani abu a akwatin kayan aikinsa. Ni na tsaya da guntun waya a hannu. Inna Nevena ce ta zo ta kashe inji, ta kama hannunsa.

"Sauko, tsoho, miyar wake za ta huce."

Washegari mai burodi ya juya daga gada. Da hantsi na shiga gaishe su, na tarar Inna ta gama waya da Desislava, idanunta jawur.

"Ta ce za ta zo ta kwashe mu," in ji Zahari, "da zarar an buɗe hanya."

Ya lalubo kofinsa a kan tebur, ya juyo da fuska wajen da yake zaton nake.

"Ka ji yarinya. Wa zai buɗe mata?"