Notin Farfela da Wasiƙar da Na Danne

Ranar da aminina ya ce mini jirgin ruwa zai saya, ina zaune a kan benci a ƙofar shagonsa na kayan gyaran mota a Dilimi, da ragowar gasasshiyar masara a hannuna. Dariya na yi har na ƙware. Jirgin ruwa a Jos, garin da duk inda ka juya dutse ne! Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce ya sayi fili a hanyar Bukuru, kuma a cikin filin akwai tsohon kududdufin haƙar kuza, irin manyan nan masu koren ruwa. Jirgi yake so mai inji, mai ɗan ɗaki a ciki, wanda zai riƙa shiga da iyalinsa ran Lahadi su sha iska.

Da na ga da gaske yake, sai masarar ta daina yi mini daɗi. Layi ɗaya muka tashi da mutumin nan. Muna yara, in muka saci jiki zuwa kududdufi, ni ne gwanin iyo, shi kuwa aikinsa gadin rigunanmu a bakin ruwa, don ko idon sawunsa ba ya yarda ya jiƙe. Ni ne mai yanko hotunan jiragen ruwa daga tsofaffin mujallu ina liƙawa a bango. Na girma na zama malamin labarin ƙasa, ina zana teku a allo da alli, ban taɓa ganin sa ba. Yau kuma mai gadin riguna ne zai sayi jirgi. Ba zan ɓoye ba, baƙin ciki na ji.

Abu ɗaya ne ya rage mini da nake taƙama da shi a kansa, wato karatu. Shi tun aji uku na firamare ya ajiye allo ya kama spana. Duk arzikin da ya yi, takarda ba ta shiga hannunsa ta fita sai na gani. Ko a gaban manyan 'yan kasuwa ne, zai ninke ta ya sa a aljihu ya ce, "Sai Ticha ya duba." Wannan maganar ita ce motata, ita ce gidan benena. Don haka da ya ce in nemo masa masu ƙera jiragen, in rubuta musu, in gaya masa wanda ya fi kula da mai saye, sai na gyara hula na ce ya bar mini komai.

Na samo uku. Na farko a Legas, ya amsa da takarda mai kyau sau ɗaya, daga nan kamar an aiki bawa garinsu. Na biyu a Fatakwal, wannan kafin ka ajiye waya ya kira ka. Wata mata ce mai zaƙin murya ke magana da ni, kowace jimla sai ta ce "Chiyaman". Suka turo bidiyon wani farin jirgi mai gado da wurin girki, yana keta ruwa yana barin kumfa a baya. Na kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga, a ɗakin malamai, a cikin keke-napep, har a kan tabarmar salla bayan na sallame. Duk abin da na tambaya, amsarsu ɗaya ce, babu matsala.

Na ukun wani tsoho ne mai ƙaramin wurin ƙira a Warri. Shi ba bidiyo, ba Chiyaman. Saƙo ya rubuto mai tsawo, cike da tambayoyi kamar ɗan sanda. Faɗin ruwan nawa ne? Bakinsa gangare ne ko kuwa tsaye yake kamar rijiya? Akwai tsofaffin ƙarafan haƙa a ƙarƙashi? Wa zai gyara injin in ya tsaya? Ya ce garinmu a kan tudu yake, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka a irin wannan bisa. Ya rufe da cewa babban jirgi mai ɗaki ba na kududdufi ba ne, kafin ya ɗauki gudu ya kai bango. In ba a auna ruwan ba, shi ba zai sayar mana da komai ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne. Kafin in kai ƙarshen saƙon na san kowace kalma gaskiya ce. Na kashe wayar na sa a aljihu.

Har yau in na tuna abin da na hango a zuciyata a lokacin, kunya nake ji. Na hango farin jirgin nan an sauke shi daga tirela, ya cika kududdufi kamar sa a cikin akurki, ba gaba ba baya, 'yan Dilimi suna zuwa kallo suna ƙunshe dariya. Na hango aminina sau ɗaya a rayuwarsa ya sayi abin da bai yi masa rana ba. Da ya tambaye ni labari, na ce na Legas sun yi shiru, na Fatakwal mutanen kirki ne. Ya ce, "Na Warri fa?" Na ce, "Har yanzu dai muna jira."

Na manta da wa nake yi. Mutumin nan yana da wata ɗabi'a da ya koya a kasuwar kayan gyara, wadda na sha yi masa tsiya a kanta. Ba ya ƙulla ciniki da sabon dila sai ya gwada shi da ƙaramin abu. Zai kira a matsayin wani talaka, ya nemi noti ɗaya ko 'yar roba. Yakan ce wanda ya saurare ka a kan noti, shi ne zai ɗaga wayarka ranar da inji ya buga. Ashe tun ranar da na nuna masa sunayen kamfanonin ya sa an kwafar masa lambobinsu.

Bayan kamar mako guda na je shagon na same shi yana shan shayi da rana tsaka, alamar yana cikin nishaɗi. Ya tura mini kujera da ƙafa.

"Ticha, na yi ɗan gwajina fa."

"Wane gwaji kuma, Alhaji?"

"Na noti mana. Na kira su da guntun Turancina na kasuwa, na ce ina da tsohon jirginsu, notin farfela, fankar nan da ke tura jirgi, ya faɗa ruwa, guda ɗaya nake so. Na Legas ba su ɗauka ba. Mutanenka na Fatakwal, matar nan ta ce in jira, ta bar ni da kiɗa a kunne har katina ya ƙare. Da na sake kira ta ce ba sa sayar da noti."

"Ai ba da shi suke ciniki ba," in ji ni, murya ƙasa-ƙasa.

"To, tsohon Warri da kansa ya ɗauka. Ya tambaye ni girman notin, ya ce zai sa a mota ya aiko. Da ya ji na ce Jos, sai ya juya Hausa! Ashe a nan Jos, unguwar Gada Biyu, aka haife shi, ubansa shago gare shi. Ya ce, 'Oga, ni na san wannan ruwa na kuza, ba ya da wasa. Akwai wani ticha ya rubuta mini daga Jos, na ba shi amsa tun wancan sati, shi bai ce komai ba. In ka san shi, gaya masa kar ya sayi babban jirgi, zai yi kuka.'"

Ya kurɓi shayinsa yana kallon titi. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, sai na kafa shi a kan wani tsohon gilashin mota da ke jingine da bango. Na buɗe baki zan ce wataƙila saƙon bai shigo ba, sai ya ɗaga hannu.

"Wayoyin zamani ne, sai a hankali," ya ce. "Ran Asabar ka zo da igiya mu auna ruwan. Kai ne ka iya iyo."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ran Asabar na shiga ruwan nan mai sanyin tsiya da igiya da dutse, ina kiran awo, shi yana bakin ruwa yana maimaita wa tsohon a waya, rigata da hulata a kafaɗarsa. A kusurwa ɗaya ƙafata ta taɓa ƙarfe, wani tsohon bututu mai kaurin gaske, dab da saman ruwa. Da farin jirgin ne ya bi ta nan, da cikinsa ya tsage.

Jirgin da tsohon ya ƙera ƙarami ne, shuɗi, mai rumfa da kujeru shida. Da kansa ya rako shi har Jos, ya kwana biyu yana koya mana tuƙi, ya bar mana jakar notuna kyauta. Suna hira da aminina suna tafawa kamar sun shekara ashirin tare, ni ina gefe ina riƙe da igiya. Hassada ga mai rabo taki ce, na ji ana faɗa tun ina yaro, ban san ni zan zama mai kai takin gona ba.

Ranar da tsohon ya tafi, aminina ya miƙo mini makullin jirgin. Ya ce shi har yanzu ruwa tsoro yake ba shi, ba zai shiga ba sai ina ciki, don haka in riƙe. Yana hannuna har yau, kusan kowace Lahadi ni ke tuƙa su, abin da na yi mafarki tun ina ɗan yaro.

Kwanan baya ina zaune a shagon aka kawo masa wata takarda daga banki. Na ajiye kofina, na goge hannu a riga, har na fara laluben tabarau. Ya juya ta gaba da baya, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce wa wanda ya kawo, "Bari sai 'yata ta dawo daga makaranta ta duba." Sannan ya juyo ya tambaye ni ko a ƙaro mini shayi.