Hayaƙi a Kan Mai Gudun Hayaƙi

Ni dai ban ga waɗanda suka iya ƙara wa majinyaci ciwo kamar 'yan dubiya ba. A tsakar gidana na gani, a Gazara, shekarar da gonar raken maigidana ta kama da wuta.

Da rani ne, rake ya ƙosa, ganyensa ya bushe ƙayau. Wani maƙwabcin gona ya cinna wa shara wuta, iska ta kwaso ta. Maigida yana tsakiyar gona, bai ankara ba sai da hayaƙi ya rufe shi ta ko'ina. Wanda ya taɓa shiga cikin rake ya san ba ka ganin gabanka balle bayanka. Da rarrafe ya fito ta wajen rafi. Ko ƙuna bai yi ba, gashin girarsa kawai ya babbake. Aka ce an auna arziki, aka yi ta barka, kowa ya kama gabansa.

Sai da aka kwana biyu abin ya fito. Ina hura wuta zan ɗora tuwo, hayaƙi ya bi ta inda yake zaune. Sai na ga mutum ya zabura ya dafe ƙirji, zufa na keto masa, numfashi sama-sama, yana cewa in kira masa yara, shi tasa ta ƙare. Can abin ya lafa. Washegari ya dawo. Tun yana ɓoyewa har ya kasa. Ya daina zuwa wurin dafa mazarƙwaila, alhali da ita muke ci, kuma aikinta wuni ne a bakin wuta. Ni kuwa na koma yin girki a gidan maƙwabta. Tsorona ɗaya ne: kada mutumin nan ya shige ɗaki ya ƙi fitowa har abada.

Labari ya bazu, 'yan dubiya suka ɗauro niyya. Kai, jama'a! Kowa ya zo da sannu a baki da gawa a aljihu. Wata daga Likoro ta gyara zama ta ce haka mijin ƙanwarta ya fara, dafe ƙirji ɗin nan, bai kai Juma'a ba. Wani ya ce rashin tawakkali ne, shi da ko kare ya yi haushi sai ya haye katanga. Wani ya ce namiji ba ya raki. Wata ta rantse sammu ne, har ta san wanda ya yi, amma a bar kaza cikin gashinta. Duk a gabansa suke yi, a kansa, kamar ana taya buhun masara. Su sha kununa, su ci gorona, su tafi su bar min shi yana rawar ɗari. A cikinsu kaf babu wanda ya dube shi ya ce, “Me kake ji?”

Manyan masana kuwa su ne Baffa, ƙanin mahaifinsa, da Gwaggo, yayar mahaifin nasa. Baffa bai taɓa warkar da ko akuya ba, amma ba ciwon da bai san maganinsa ba. Suka yanke cewa iska ce ta shafe shi a fadama, maganinta kuwa hayaƙi: a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa magani, a lulluɓe mutum da bargo ya shaƙa.

Na durƙusa har ƙasa na ce, “Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, hayaƙin ne fa ba ya so. Shi ne ke tayar masa da abin.”

Baffa ya tafa hannu, ya dubi Gwaggo yana murmushi. “Kin ji ko? Ai shi ke nan, magana ta fito! Ba shi ne ba ya so ba, na jikinsa ne ba ya so.”

To ka ji fa. Da me za ka amsa wa irin wannan kai? Maigida kuma ya sunkuyar da kai, don a gidansu ba a yi wa babba musu, ko da babban zai tura ka rijiya.

Da hantsi suka zo da kayansu: tazargade, wasu saiwoyi, har da barkono, wai don na jikin ya ji a jikinsa. Aka zaunar da shi a kan turmi a kife. 'Ya'yan Baffa biyu, ƙarti majiya ƙarfi, suka riƙe kafaɗunsa, aka rufa bargo. Da farko tari na ji. Sai kuma ihu, irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba: “Wuta! Ku ba ni hanya! Ku ba ni hanya!” Gwaggo ta rangaɗa kabbara ta ce ga shi nan yana fita, a ƙara riƙe shi. Baffa ya ƙara barkono.

Bokitin wankina na gefe. Na ɗauka na fizge bargon, na sheƙa ruwan a kan kaskon. Toka da kumfa suka wanke wa Baffa farar rigarsa har gemu. Maigida ya zube ƙasa yana haki, na tare kansa a cinyata.

“Ke! 'Yar Ikara marar kunya!” in ji Gwaggo. “A gidanmu za ki nuna mana rashin tarbiyya?”

Na ce, “Gwaggo, wuta ta bar min shi da rai. Ba zan zuba ido ku ƙarasa shi ba.”

Suka rantse ƙafarsu ba za ta sake taka gidan ba, suka kuma hana dangi zuwa. Wallahi tun da aka kawo ni gidan nan ba su taɓa yi min alheri kamar wannan ba. Gida ya yi tsit, mutum ya samu ya yi barci.

Ranar kasuwar Makarfi na lallaɓa shi muka je asibiti. Likita ya auna shi, ya ce zuciyarsa lafiya ƙalau. Sannan ya ajiye abin awon ya ce ya ba shi labarin ranar gobarar. Maigida ya yi ta magana, har da abin da ni kaina ban taɓa ji ba: cewa kullum in ya rufe ido yana jin ƙarar rake na fashewa. Likitan ya ce ba hauka ba ne, ba ragwanci ba ne, tsoro ne ya maƙale a jiki, kuma ana warkewa. Ya ba shi magani, ya koya masa jan numfashi a hankali in abin ya taso, ya ce ya riƙa matsawa kusa da wuta kaɗan-kaɗan, da ƙafarsa, ba wanda zai riƙe shi.

Da ashana muka fara. Daga nan ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa ina hura murhu. Wata rana ya jure, wata rana ya juya da gudu, ni kuma ban taɓa ce masa don me ba. Labari ya iske ni cewa Baffa na faɗa a majalisa wai ɗan hayaƙin da ya shaƙa ne ya fara aiki, da ban yi katsalandan ba da tuni ya miƙe. Na ce Allah ya ƙara basira.

Da rake ya sake ƙosawa, ya ce zai je wurin dahuwar mazarƙwaila. Na fake da kai masa fura na bi shi. An matse rake, an cika ƙaton kaskon ƙarfe da ruwansa, an tura busasshiyar tuƙar raken a murhu. Hayaƙi ya turnuƙe ya yo kansa. Na ga ya ja da baya, ya tsuguna, ya dafa ƙasa. Abokan aikinsa suka tsaya cak. Na ce a raina shi ke nan, mun koma gidan jiya. Ina kallon kafaɗunsa suna hawa suna sauka, a hankali, a hankali.

Sai ya miƙe ya share fuska da hularsa. Hannunsa na rawa, kowa na gani, bai kuma ɓoye shi ba. Ya miƙa shi haka nan ya ce, “Ku ba ni ludayin, za ta ƙone.”