Jar Fitilar da Ta Hana Surukata Shan Ruwa

Shekarun baya, ban daɗe da ɗauko iyalina zuwa Doha ba, surukata ta zo mana wata biyu. Ciwon gwiwa ne ya kawo ta, amma da aka yi gwaje-gwaje sai likita ya ce gwiwar da sauƙi, ƙodarta ce abin lura. Umarni ɗaya ya ba ta: ta riƙa shan ruwa sosai, ko da ƙishi ko babu.

Gidanmu a unguwar Al-Sadd hawa na shida ne. Matar da ta saba da tsakar gida da maƙwabta masu leƙowa, sai ga ta tana wuni tana kallon rufin motoci ta taga. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma na ji tana gaya wa 'yarta cewa rabonta da taka ƙasa tun Kano. Maganar ta tsaya mini a rai. Lokacin sanyi ne, kowa na fita saharar kudu inda yashi ya haɗu da teku, sai na ce mu ma mu je mu kwana ɗaya.

Matsalar ita ce, mai ciwon gwiwa ba za ta iya tsugunno a bayan tudun yashi ba. Na nemi wani abokina, mutumin Zangon Kumasi, da ke aiki a garejin motocin nan masu gida a ciki, waɗanda a nan ake kira karaban. Ya samo mini hayar wata mai gado da murhu da banɗakin zama. Ya tsaya yana mini bayani, ni kuwa ina gyaɗa kai ina kallon agogo. Injiniya ne ni a kamfanin gas, na'urorin auna cikar tanki su ne abincina, wa zai koya mini tankin banɗaki? Abu ɗaya na tsinta a maganarsa, wai bututun wajen wanke-wanke siriri ne, ba ya son maiƙo. Muna isa na kafa doka cewa kada wanda ya zuba ruwan mai a ciki.

Bayan sallar Juma'a muka tafi. Da yamma matata ta yi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ta ji manja. Surukata ta cire takalmi ta nutsa ƙafa cikin yashi tana dariya. Da aka gama ci ta ce ita za ta wanke tukwane, aka yi aka yi ta ƙi bari.

Da asuba na danna allon nuna cikar tanki da ke bakin ƙofar motar. Tankin banɗaki yana da fitilu huɗu, domin a jikinsa akwai wasu ƙusoshin ƙarfe huɗu jere daga ƙasa zuwa sama, duk wanda ruwa ya taɓa sai fitilarsa ta kama. Duka huɗun na gani a kunne, har da ja ta can sama. Ban yi mamaki ba. Na ce ai Turawan da suka ƙera motar ba su san buta ba, mu kuwa ruwa muke zubawa ba wasa. Zubar da ƙazanta a sahara laifi ne, kuma wurin juyewa sai an koma gari.

A wajen karin kumallo, a gaban surukata, na gyara murya kamar ina taron ofis. "Tankin bayi ya cika," na ce. "Idan aka ƙara ko kofi ɗaya zai amayo cikin mota. Kowa ya yi haƙuri sai mun koma da yamma."

Na lura surukata ta ture kofin shayinta gefe, amma na ɗauka ya yi mata zafi ne.

Duk da haka jinin aikin bai bar ni ba. Na ɗauko mitar gwajin lantarki na shige ƙarƙashin mota. Na cire wayoyin ƙusoshin, fitilu suka mutu. Na mayar, suka dawo. Ke nan allo lafiyarsa lau. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ko akwai inda suka goge suka haɗu, babu. Na kankare tsatsa, na ƙara ɗaurewa, na sake gwadawa. Awa uku ina kwance a yashi, har cikin kunnena ya shiga, daga ƙarshe na fito da sakamakon da na shiga da shi: na'ura ba ta ƙarya, tanki ya cika. Har wani daɗi na ji na cewa na tabbatar.

Bayan azahar matata ta same ni a inuwar mota. Fuskarta kawai na gani na ajiye mitar.

"Malam, ka san da alwalar asuba Hajiya ta yi azahar? Ko ɗigon ruwa ba ta sha ba tun safe. Leɓenta ya bushe, yanzu ta tashi jiri ya mayar da ita."

"Me ya sa ba ta faɗa ba? Ai da mun kama hanya."

"Ta faɗa wa wa? Kai? Ta ce maka me?"

Nan na gane. Macen da ko sunana ba ta iya kira don kunya, ita ce za ta buɗe baki ta ce mini tana son zagayawa? Na tuna maganar likita, na tuna awa ɗaya da rabi ne tsakaninmu da gari, rabinsa yashi. Tsoro ya kama ni sosai. Na kira abokina, na fara jera masa duk gwajin da na yi.

Ya katse ni. "Injiniya, khalas, ya isa, bar wannan duka. Ka leƙa rami ɗin?"

"Wane rami?"

"Masai mana! Taka feda ɗin, ya buɗe, ka haska. Tanki ɗin yana ƙasa nan nan, za ka gan shi da idonka. Yalla, maza, ina jira."

Na shiga, na taka, na haska da fitilar waya. Ruwan yana can ƙasa, ko kwata bai kai ba. A jikin bangon tankin kuwa wani jan abu ne mai sheƙi ya lulluɓe ko'ina, yana zarara kamar zare.

Da na kwatanta masa sai ya fashe da dariya. "Me kuka ci jiya?"

"Kuɓewa."

"To shi ke nan. Yauƙi ne ya kama ƙusoshi ɗin daga ƙasa har sama, ya haɗa su. Su ba su san ruwa da miya ba, jiƙa kawai suka ji."

Matata da ke tsaye a bayana ta dafe ƙirji. Ashe da surukata ta gama wankin tukwane, ta tuna dokata, sai ta kwashi ruwan ta juye a masai. Shi ya sa da na yi sanarwata da safe ta ɗauka ita ce ta cika tankin. A ganinta ta riga ta cinye rabonta, har ta jawo wa mijin 'yarta wahala a ƙarƙashin mota.

Saura yadda za a yi ta sani ba tare da an haɗa ido ba. Na fita na ɗaga murya ina ce wa matata ashe tanki fayau yake, ni ne na yi kuskuren karatu, kuma zan taka bakin teku, zan daɗe. Na yi ta tafiya har motar ta zama ɗan ɗigo. Da na dawo na tarar da gorar ruwa biyu babu komai a ciki, ga surukata zaune a tabarma da sabuwar alwala, tana kurɓar shayi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Sannu da aiki. Ashe ba ni na cika shi ba?"

Na ce, "Wallahi ba ke ba ce, Hajiya. Laifina ne daga farko har ƙarshe."

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. Kamar yadda abokina ya ce, na zuba ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, gargadar hanya ta yi ta girgiza shi, kafin mu hau kwalta fitilu sun koma ɗaya. Washegari na kai ta aka duba ƙodar, likita ya ce ba abin da ya taɓu. A wajen ajiye motoci na zauna na yi ta hamdala ni kaɗai.

Ba kuskuren na'urar ne ke damuna ba idan na tuna, wannan yana faruwa ko a wurin aiki. Abin da ke damuna shi ne na faɗi "babu" da ƙarfi a gaban wadda idan aka ce abu ya yi kaɗan, daga jikinta take fara ragewa, kuma ba za ta bari a sani ba. Awa uku na yi ina duba wayoyin tanki, ban ɗaga kai na dubi fuskarta ko sau ɗaya ba. Allah ne ya rufa asiri matata ta duba.