Shafin da Bai Buɗe a Wayar Kawu ba

Shekarar da tsutsa ta addabi masara a yankinmu, ina koyarwa a wata firamare a Malumfashi. Ni da wani abokina malamin gona muka buɗe ɗan shafi a intanet. Shi yake magana, ni nake naɗa, in ɗora. Komai da Hausa, murya ce zalla, don galibin manomanmu ba sa karanta boko. Ya yi bayanin yadda ake gane tsutsar a cikin zuciyar masara, da maganin da ya dace, da lokacin feshi. Na tura adireshin shafin ga duk wanda na sani, har da Kawu, ƙanen mahaifiyata, da ke noma a Gozaki.

Babu wanda ya ce mini komai. Na ɗauka suna saurare.

Ran wata Asabar Inna ta ce in je in duba Kawu, ta ji gonarsa ta sami matsala. Na hau acaɓa. Na iske shi zaune a gindin ɗorawa, a bakin gonar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Masarar ta kai ƙugu, amma ganyen duk ya ƙone, ya koma ruwan ƙasa, kamar an bi shi da wuta. Warin kalanzir bai gama fita ba.

Muka gaisa. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara.

"Kawu, me aka fesa?"

Ya ciro waya ya kunna mini wata murya da aka yi ta yawo da ita a zaurukan hira. Wani ne, ba suna, yana rantsuwa cewa in aka haɗa maganin ciyawa da kalanzir da garin sabulu, tsutsa ba ta kwana.

"Ba ku saurari wanda na turo muku ba?"

"Na danna, ɗana. Ba ya buɗewa. Na ce ko wayar ce ta tsufa."

Na karɓa na danna da kaina. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar gilashin. Muna zaune muna kallonsa, saƙonni na ta shigowa ta manhajar hira, ɗaya bayan ɗaya, har da bidiyon biki. Namu dai bai buɗe ba.

Daga baya, a Funtua, wani mai sayar da kati kusa da tasha ya yi mini bayani, yana cin gyaɗa. Ya ce datar da Kawu yake saye, wadda kusan kowa a ƙauye yake saye, mai sauƙi ce, amma manyan manhajojin hira kaɗai take buɗewa. Sauran intanet sai mai babbar data.

"To namu fa, Malam? Da Hausa ne, don su aka yi."

"Kamfani bai san ku ba," in ji shi. Ba da mugunta ya faɗa ba.

Na jira in ji fushi ya taso mini, bai zo ba. Na hau mota na koma gida, na ci tuwo, na yi makin littattafan yara. Da na gaya wa abokina, ya ce sai mu yayyanka maganar mu riƙa turawa ta zaurukan hira. Muka yi hakan. Takan nutse a cikin tallace-tallace da gaisuwar Juma'a kafin azahar. Wasu sun ji, ban san yawansu ba. Shafin kuwa muka daina ɗora komai, har ya rufe da kansa.

Kawu ya sare masarar, akuyoyi ma aka hana su ci. Ya shuka wake a wurin, don damina ta yi nisa. Na je ranar na riƙe masa ƙwaryar iri. Yana sara, ina zubawa ina rufewa da ƙafa, muka yi ta tafiya kunya bayan kunya, har aka kira la'asar.