Lawwali ya kira daga Ingila

Ina tsaye a kasuwar shanu ta Kankia jiya sai wayata ta yi ƙara. Lawwali ne, ɗan Kusada, wanda muka tafi Ingila tare karatun likitan dabbobi zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa. Ni na dawo don Inna ta rantse ba za ta san jikokinta a hoto ba. Shi ya samu aiki, ya ce shekara guda zai ƙara. Har yau.

Ya ce mani, "Sani, likita ya ce in shirya, ciwon nan ba na tashi ba ne. Gida nake so. Amma in na zo, wa zai gane ni?"

Na buɗe baki in lissafa mashi mutane, sai na ga duk mun kai su makwanci.

"Ni zan gane ka. Taho."

Ya ce sai ya shawarci 'ya'yanshi.

Tun jiya na kasa zama wuri guda. Na sa an share ɗakin baƙi, ban ma san ko zai zo ba.

Ku masu 'yan'uwa a waje, me kuke ce masu?