Motar da Take Haihuwar Mai

Ko da zan manta ranar da na karɓi albashina na farko, ba na jin zan manta ranar da muka kai lefen ƙanena daga Gwarzo zuwa Kabo. Yau shekaru sun ja, amma da na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata firamare, na lallaɓa na sayi tsohuwar motar dizil mai dogon baya a hannun wani Alhaji. Ta girme wasu malaman makarantarmu, amma tana da wata baiwa: in ka loda mata kaya bayanta ya zauna, da ka tayar da inji sai ta ɗago da kanta a hankali, kamar raƙumi zai miƙe. Kai, na yi burga da motar nan! Da gangan nake tara mutane su cika bayan don kawai in murza makulli su yi salati. Ranar da Alhajin ya miƙa min makulli ya haɗa min da galan ɗin wani siririn mai, ya buɗe bonet ya nuna min wani ɗan farin tanki, ya ce in na ga ya yi ƙasa in ƙara. Ban tambaye shi aikin tankin ba. Ina malami, ina ni ina tambaya?

Ba a daɗe ba na gano baiwa ta biyu. Kowa motarsa shan baƙin mai take yi, tawa kuwa duk sanda na zaro gejin auna mai sai in ga man ya ƙaru. Na je majalisarmu na kafa kujera na ce, "Jama'a, motata haihuwar mai take yi." Aka yi dariya, na kai su suka gani da idonsu. Har rage man nake yi in ba maƙwabcina ya zuba a injin markaɗensa, ina cewa albarka ce, ba a cin ta mutum ɗaya. Shi kuma ɗan farin tankin kullum ƙasa yake yi, ina ta ɗura masa har galan ya ƙare. Da ya ƙare na ce ai ya sha ya ƙoshi, na rufe bonet.

Sai ga lefen ƙanena. An sa rana, an ce bayan la'asar dangin amarya za su zauna jiranmu a wata unguwa da ke gefen Kabo. Na hana a ɗauki hayar mota, na bugi ƙirji na ce akwati shida ai abin wasa ne. Jagorar tafiyar ita ce Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta riƙe ni tun ina jariri bayan rasuwar mahaifiyata. Mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, kuma duk gidanmu an san ba ta son a taɓa mata zancen ƙiba. Ita ce za ta yi magana a madadinmu, in babu ita babu kai lefe.

Aka jera akwatuna, Gwaggo ta shiga baya da mata biyu, wata kuma ta zauna a gaba. Na tayar da inji ina jiran motar ta yi abin nata. Ta yi wani gurnani, ta ɗan ɗago rabi, ta tsaya. Na ce ƙila kunyar baƙi take ji, muka kama hanya.

A kan kwalta lafiya lau. Muna sauka kan burji sai na ji ƙuuu! salansa ta daki ƙasa. Na ƙara gaba, ƙuuu! Na duba gabana, ba na ganin komai sai sararin sama, hancin mota ya ɗaga, gindinta ya zauna. A wani ɗan kwari ta kafe gaba ɗaya. Rana ta fara sanyi, wayar matan tana ta ƙara, ana tambayar ina muka tsaya. Motar da na cika gari da labarinta ce za ta tozarta ni? Dole dai a sami mai laifi, kuma ba ni ba ne. Na waiga na ce, har da 'yar dariyata:

"Gwaggo, sai haƙuri fa. Motar nan ba ta saba ɗaukar irin wannan nauyin ba."

Matan suka ƙyalƙyale da dariya. Gwaggo kuwa ta buɗe ƙofa, ta dafa gwiwa ta sauko da ƙyar, ta gyara mayafi ta ce, "To na sauka. Ku tafi, kada ku makara." Ta juya ta nufi titi tana ɗingishi.

Na murza makulli. Shiru, mota tana tsugune. Matan suka fita, tana tsugune. Muka sauke akwatunan nan shida a kan burji, ta ɗan numfasa kaɗan, amma miƙewa irin tata ko alama. Babbar cikin matan ta dube ni ta ce, "Malam, saura kai. Ko kai ma za ka sauka mu gani?"

Da ƙyar da roƙo suka dawo da Gwaggo, don ƙanena ta dawo ba don ni ba. Aka tare wata a-kori-kura da ta sauke albasa, aka ɗora lefen. Haka kayan auren gidanmu suka shiga gidan surukai gab da magariba suna ƙamshin albasa, kuma har yau dangin amaryar ba su daina tsokanarmu da shi ba.

Ni kuwa na ja motar a hankali zuwa wajen wani dattijon bakanike a Kabo. Ya leƙa farin tankin, ƙaf. Ya zaro geji, ya murza man a yatsa, ya sansana. Don in farfaɗo da mutuncina na ce, "Baba, ai ita wannan ba ta shan mai, ƙaruwa ma yake yi."

"Shi kuma wannan tankin raguwa yake yi ko?"

"Ƙwarai."

"Kana zubawa a nan, kana kwasa a can?"

Ya nuna min wani ɗan famfo da bai wuce dunƙulen hannu ba, maƙale a gaban inji. Ya ce shi ne yake tura siririn man zuwa baya ya ɗaga motar. Robar cikinsa ta cinye, shi ya sa man yake zurarewa cikin inji ya gauraya da baƙin mai. Ya ce in gode wa Allah injin bai buga ba. Sannan ya goge hannu ya ce, "Malam, me kake koyarwa ne?"

"Lissafi."

Dattijon nan sai da ya zauna a kan taya saboda dariya.

Robar ba ta samu ba, don haka ya cire famfon, ya yanka ƙarfe ya toshe gurbinsa, ya juye man injin. Bayan kwana biyu aka kawo sifirin masu ƙarfi daga Kano ya sa a baya. Daga ranar motata ta daina miƙewa, ta daina haihuwa, ta koma mota kamar ta kowa.

Na naɗe famfon a tsumma na tafi gidan Gwaggo. Na same ta tana tsince wake. Na durƙusa na ajiye shi a gabanta na ce, "Gwaggo, ga mai laifin. Ki yafe min."

Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Shekara uku kana goye a bayan nan, da kai nake daka, da kai nake zuwa rijiya. Ban taɓa cewa ka yi nauyi ba."

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na yi kuka a gabanta, ƙato da ni da gemu. Ta yafe min a ranar, har ta zuba min dambu, amma har Allah ya karɓi ranta ba ta sake shiga motar nan ba.

Famfon yana nan a ɗakina, ban yar ba. Abin da ya koya min shi ne, in abu ya lalace a hannuna, in fara buɗe bonet in duba sakacina kafin in waiga baya neman wanda zan ɗora wa. Motar ta gyaru cikin kwana biyu, maganar da na faɗa wa Gwaggo kuwa ban sami bakaniken da zai cire min ita ba.